Yadi Uku da Rabi

A bayan Taminus, inda ruwan Agusta
ke ɗiga ta hujin kwano kan keken kakana,
nan na fara jin maganar.
Kaka Tanimu ya tsinto ta tun zamanin kuza,
a bakin wani Bature mai jan wuya daga Bukuru
da ya kawo yadi biyu yana son kwat har gwiwa.
Kaka ya auna, ya sake aunawa, ya girgiza kai.
Baturen ya yi dariya, ya faɗi wani abu da yarensu,
kukunsa ya fassara:
"Yanka kwat ɗinka daidai da yadinka."
Kaka ya ce, "Ashe su ma sun san daidai ruwa daidai tsaki,
sai dai su a bakin almakashi suka gano."

Ina yarinya na tsani maganar nan.
Na ɗauka ta masu guntun buri ce,
ta "zauna inda aka ajiye ki,"
ta takalmin makaranta da aka saya mini da girma
wai don ya kai ni aji shida.

Sai daren da babbar kasuwa ta ci wuta.
Da safe muka tarar da keken ya lanƙwashe
kamar akuyar da aka babbake.
Kaka bai yi kuka ba, ya dai tona tokar da sanda
har ya ciro almakashinsa, baƙi ƙirin,
ya goge shi da gefen riga, ya sa a aljihu.
Sati biyu, ga shi a barandar wani a Dilimi
da keken aro mai tari,
yana rage wa 'yan gwanjo hannun rigunan sanyi.
Mutumin da ya ɗinka wa manyan gari babbar riga!
Na ce, "Kaka, ba ka jin kunya?"
Ya ce, "Asabe, kiɗa ya sauya.
Miƙo mini alli."

Yanzu allin yana hannuna.
Jiya Kaneng ta zo daga Rayfield, ta jiƙe sharkaf,
da atamfa yadi uku da rabi a leda.
Tana son riga da zani na bikin gama karatun 'yarta,
da ɗankwali,
da 'yar taguwa ga jikanta, in ya samu.
Na shimfiɗa yadin, na daɗe ban taɓa shi ba.
Na juya shi, na kwantar da hannun riga a gicciye,
na saci wuya daga gefen zani,
furen da ya rage na kai shi ƙirjin jariri.
Abin da ya faɗi ƙasa bai isa ɗaure tsintsiya ba.

A nan na gane abin da kaka bai faɗa da baki ba:
maganar ba ta ce ki rage burinki ba,
cewa ta yi ki kalli yadin sosai kafin ki yanka,
don almakashi ba ya neman gafara.

Amma ina da ƙorafi guda.
Na ji mai gidan haya ya faɗe ta
ranar da ya ninka mana kuɗin shago.
Na ji ta a bakin wanda ya riƙe albashin mijina wata huɗu.
Wanda ya datse maka yadi da dare
bai kamata ya zo da safe da karin magana ba.
Irin wannan ba na amsa masa,
na kan miƙa masa tef in ce ya auna da kansa.

An ɗauke wuta tun azahar.
Na cire bel daga injin, na mayar da ƙafa kan feda.
Ruwa na dukan kwano, hazo ya rufe Dutsen Shere,
saura kalmasa ɗaya,
Kaneng za ta zo da ƙarfe biyar.